Akwatin Bango da Ya San Ba Kowa a Gida

[Taken shiri]

Hirar tamu ta yau a kan wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ake mannawa a bango domin ta daidaita zafi da sanyin gida. Masu gyaran firiji da makanikai suna ce mata tamostat. Za mu duba irin ta zamani, mai shiga intanet, da yadda ake haɗa ta da sauran kayan gida, su ƙofa da taga da labule da mitar wuta, har su riƙa aiki tare. Wani zai ce ai wannan zancen Turawa ne. Haka ne, a can aka haife ta, a can ta girma, don haka daga can za mu faro. Amma kafin lokaci ya ƙure za mu zo ga abin da ya shafe mu.

Duk wanda ya taɓa guga da dutsen guga na lantarki ya san ƙarar nan "ƙas" da yake yi, 'yar fitilar ta mutu, jim kaɗan ta sake kamawa. To, tamostat ke nan yake aikinsa. A ciki akwai ƙarfe iri biyu da aka manne bayansu wuri guda. Idan suka ji zafi, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa, sai sandar ta lanƙwashe ta raba wuta. Da ta huce sai ta koma ta haɗa. Shi ne a firiji, shi ne a tukunyar dafa ruwa ta lantarki, akwai wani irinsa a injin mota da ke buɗe wa ruwan lagireto hanya. Abu biyu kawai ya sani: ga zafin da aka ce ana so, ga kuma zafin da ake ciki.

Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekarar 1620 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Cornelis Drebbel ya ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwan kaji wanda ke daidaita zafinsa da kansa ta hanyar amfani da zaiba. A 1830 Andrew Ure na ƙasar Sikotilan ya fito da mai ƙarfe biyun nan da muka ambata. Amma wanda labarinsa ya fi ba ni sha'awa malamin makaranta ne, Warren Johnson, a garin Whitewater na jihar Wisconsin a Amurka. A lokacin sanyi, mai kula da murhun makarantar yana can ƙarƙashin gini, sai ya riƙa hawowa yana bin aji aji don ya ji inda ya yi zafi da inda ya yi sanyi, yana katse wa malamai darasi. Johnson ya gaji, ya ƙera na'urar da za ta kaɗa ƙararrawa a can ƙasa idan zafin aji ya kauce. A 1883 ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira, kamfanin da ya kafa kuwa shi ne Johnson Controls na yau. Ku lura da wannan: tun ran farko, tamostat ɗan saƙo ne. Yana bango a wannan ɗaki, yana ba da umarni ga abin da ke wancan. Ba da daɗewa ba Albert Butz na birnin Minneapolis ya yi wanda ke buɗe ƙofar murhu da kansa, ba sai an kira mutum ba, daga nan ne asalin kamfanin Honeywell ya samo tushe.

Me ya sa Amurkawa da Turawa suka ɗauki wannan akwati da muhimmanci haka? Saboda tsarin gidajensu ne. Galibi inji ɗaya ne ke ɗumama ko sanyaya gidan gaba ɗaya, ta bututun iska ko na ruwan zafi, kuma tamostat guda a bangon falo ko baranda shi ke juya shi. A Amurka kusan rabin makamashin da gida ke ci yana tafiya ne a ɗumamawa da sanyayawa. Ke nan wannan 'yar na'ura ita ke riƙe da kusan rabin kuɗin.

Da kayan lantarki suka ci gaba, sai aka yi tamostat mai agogo. Za ka tsara masa cewa ƙarfe bakwai na safe a rage, mun tafi aiki; ƙarfe biyar na yamma a ƙara, mun dawo. A takarda, abin ba shi da aibu. A gidajen mutane kuwa sai ya ci tura. Maɓallai sun yi yawa, littafin bayani ya ɓata, wani ko agogon bai saita ba. Da yawa suka danna maɓallin "tsaya a nan" suka bar shi a haka shekara da shekaru. Har ta kai a ƙarshen 2009 shirin Energy Star na gwamnatin Amurka, wanda ke ba kayan da ke tsimin wuta tambari, ya daina ba irin waɗannan tamostat tambarinsa, domin ba a ga tabbacin suna rage wa mutane kuɗi ba. Na'urar ba ta yi laifi ba. Ɗan Adam ne ba ya son zama ya yi wa bango jadawali.

Daga wannan giɓi tamostat mai basira ya fito. Kamfanin ecobee na birnin Toronto a Kanada, wanda Stuart Lombard ya kafa a 2007, ya fitar da nasa mai shiga Wi-Fi a 2008. Sai kuma Tony Fadell da Matt Rogers, tsofaffin ma'aikatan Apple da suka yi aikin iPod, suka kafa Nest a 2010, suka fitar da nasu a 2011 a kan dala 249. A lokacin mutane sun yi ta mamakin wa zai sayi tamostat da wannan tsada. A watan Janairun 2014 Google ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 3.2. A Turai ma akwai tado na birnin Munich a Jamus, da Netatmo a Faransa, da Hive a Birtaniya.

To ina basirar take? Na Nest yana lura da hannunka. A makon farko, duk lokacin da ka murɗa shi sama ko ƙasa yana ajiye lokacin da adadin, daga nan ya tsara wa kansa jadawalin da kai ka ƙi tsarawa. Yana da ido mai jin motsi, idan aka daɗe ba wanda ya gifta, sai ya ɗauka gidan ba kowa ya rage aiki. Yana auna laimar iska, domin digiri 28 a busasshiyar iska daban yake a jiki da digiri 28 a iska mai laima. Yana duba hasashen yanayi a intanet. Yana kuma koyon gidan kansa: minti nawa yake ɗauka kafin ya yi sanyi, don ya fara aiki a kan kari. Mafi amfani a cikinsu, a ganina, shi ne bin sawun wayar salula. Ana zana da'ira a taswira kewaye da gida. Idan wayoyin mutanen gidan duk suka fita daga da'irar, inji ya huta. Da ɗaya ta shigo, ya tashi.

Batun riba fa? Nest ya wallafa bincike a 2015 yana cewa masu amfani da shi sun rage kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a ɗumamawa, da kusan kashi 15 a sanyayawa. Wannan maganar mai kaya ce. Energy Star kuwa ya ce matsakaicin abin da ake samu kusan kashi 8 ne cikin ɗari, wajen dala 50 a shekara. Ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne abin da talla ke sa mutum ya zata ba. Kuma ribar ba daga wani siddabaru take fitowa ba. Kusan dukkanta daga abu ɗaya ne: kashe inji a lokacin da ba wanda ke amfana da shi. Wanda dama can yake kashe nasa idan zai fita, ɗan abin da zai samu kaɗan ne. Wanda ke mantuwa, ko gidan da mutane suka yi yawa kowa na zaton wani zai kashe, su ne za su ga bambanci.

[Ɗan kiɗa]

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan tamostat na zamani da yadda ake haɗa shi da sauran kayan gida.

Tamostat shi kaɗai ɗakin da yake ciki kawai ya sani. Idan aka manna shi inda rana ke dukan bango, ko kusa da kicin, zai yi ta ba da rahoton ƙarya, gida ya yi ta daskarewa. Shi ya sa a 2014 ecobee ya fara haɗawa da wasu ƙananan na'urori masu batir da ake ajiyewa a kowane ɗaki, suna aiko da zafin ɗakin da kuma ko akwai mutum a ciki. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. In dai ɗaki zai iya aiko da labari, me zai hana taga? Me zai hana makullin ƙofar gida?

Ga yadda abin yake a aikace. Ana kafa ƙa'idoji ne masu sigar "idan kaza ya faru, a yi kaza". Idan taga ta wuce minti uku a buɗe, a tsayar da sanyayawa, don kada a sanyaya unguwa. Idan rana ta juyo yamma, a sauke labulen wannan ɓangaren kafin zafi ya shigo, abin da ya fi arha a kan fitar da shi bayan ya shiga. Idan aka kulle ƙofar gida daga waje kuma ba motsi a ciki, a kashe fitilu, a rage inji. Idan na'urar gano hayaƙi ta yi ƙara, a tsayar da fankar da ke tura iska cikin bututu, domin kada ta raba hayaƙin ɗaki ɗaki. Wannan ta ƙarshe ta wuce batun jin daɗi, batun rai ne. A ƙasashen da farashin wuta ke canzawa da sa'o'i, ana sanyaya gida tun da rana lokacin da wuta ke da arha, a sassauta idan farashi ya hau da yamma.

Matsalar ita ce waɗannan kaya ba yare ɗaya suke ji ba. Kamar kasuwa ce da Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da Bayarabe suka haɗu, kowa da kayan da ɗan uwansa ke so, sai an nemo tafinta. Wasu da Wi-Fi suke magana, wanda ke da cin batir. Wasu da Zigbee, wasu da Z-Wave, wasu da Thread, waɗanda ba su cin wuta sosai kuma na'ura na iya miƙa saƙo ga ta kusa da ita har ya isa inda za shi. Tafintan shi ne wata uwar na'ura da ake ajiyewa a tsakiyar gida, ko kuwa manhaja irin su Google Home, Apple Home, Alexa na Amazon, da SmartThings na Samsung. Shekaru da dama kowane kamfani ya yi ta kewaye gonarsa da shinge. Ka sayi tamostat na wannan, makulli na wancan, ka zo gida ka tarar ba sa ga maciji da juna.

A watan Disambar 2019 manyan suka yarda su zauna teburi ɗaya, a Oktobar 2022 kuma aka fitar da yare na bai ɗaya mai suna Matter, wanda Apple da Google da Amazon da Samsung duk suka sa hannu a kai. Tamostat na cikin kayan farko da aka saka, a Oktobar 2023 aka ƙara na'urar sanyaya ɗaki da fanka da firiji. Abu mai kyau a Matter shi ne saƙo na iya zagayawa a cikin gida ba sai ya fita intanet ba. Inda ya gaza kuwa, abubuwan yau da kullum yake ɗauka, kamar kunna, kashe, ƙara, rage. Dabarun musamman na kowane kamfani galibi suna nan a kulle cikin manhajarsa. Masu son riƙe komai a hannunsu sukan koma ga Home Assistant, manhaja ta kyauta da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, wadda ake ɗorawa a kan 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a cikin gida. Tana jin kusan duk yarukan nan, sai dai tana son mai haƙuri da son taɓe-taɓe.

A nan ne nake son mai sauraro ya kasa kunne sosai, domin nan ne gizo ke saƙa. Idan ka danna wayarka ka ce a rage zafi, ta ina saƙon yake bi? A yawancin kayan kasuwa, yakan fita daga wayarka ya tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, sannan ya dawo bangon da ke gabanka. Ma'ana akwai mutum na uku tsakaninka da bangon ɗakinka.

A Janairun 2016, ana tsakiyar sanyi, wani kuskure a sabuwar manhajar da aka tura wa tamostat na Nest ya zuƙe musu batir, mutane a Amurka suka farka cikin dare gida ya yi ƙanƙara. A watan Mayun wannan shekarar Nest ya rufe hidimar Revolv, wata uwar na'ura da aka sayar a kan dala 299, ta zama ba ta da amfani ko kaɗan, sai daga baya aka mayar wa mutane kuɗinsu bayan an yi ta ƙorafi. A 2019 Google ya sanar da rufe tsarin da wasu kamfanoni ke bi suna haɗa kayansu da Nest, ƙa'idojin da mutane suka ɓata lokaci suka tsara suka shiga ruɗani. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba sallama, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta amsawa. A ranar 25 ga Oktoban 2025 kuma Google ya yanke tamostat na Nest na 2011 da na 2012 daga manhaja. Suna aiki har yanzu idan ka je ka murɗa da hannu, amma basirar da aka biya kuɗi dominta ta ragu. Tsohon tamostat mai ƙarfe biyu yakan yi shekara talatin a bango ba wanda ya tuna da shi. Na zamani kuwa tsawon ransa yana hannun wanda ya sayar maka.

Akwai kuma abin da ya faru a jihar Kolorado ranar 30 ga Agustan 2022. Ana tsananin zafi, kimanin mutum 22,000 masu hulɗa da kamfanin wuta na Xcel Energy suka je rage zafin gidajensu suka tarar an kulle tamostat ɗin na wasu sa'o'i, da saƙon cewa ana cikin matsalar wuta ta gaggawa. Ba kutse aka yi musu ba. Su da kansu suka shiga wani tsari da aka ba su dala 100 a farko da dala 25 duk shekara, a kan sun yarda kamfani ya taɓa na'urarsu idan buƙatar wuta ta yi yawa. Ni ban ga laifin tsarin a kan kansa ba. Gara a ɗaga zafin gidaje dubu ashirin da digiri biyu da a ɗauke wa gari wuta ɗungurungum, mu da muka san ɗaukewar wuta ba sai an yi mana dogon bayani ba. Laifin shi ne da yawansu ba su san iyakar abin da suka sa wa hannu ba sai ranar da ta ɓaci.

Masu kutse ma ba a bar su a baya ba. A 2016, a taron masu binciken kutsen kwamfuta na DEF CON da ake yi a Las Vegas, wasu masu bincike biyu daga Birtaniya, Andrew Tierney da Ken Munro, sun nuna yadda za a kulle tamostat a nemi kuɗin fansa. A ƙarshen wannan shekarar kuma wani hari ta intanet ya tsayar da ɗumama gidaje a benaye biyu a garin Lappeenranta na ƙasar Finland. Ko ba kutse, ku tuna na'urar da ta san lokacin da ba kowa a gida ta san sirrin da ɓarawo zai so ya sani. Don haka a canja kalmar sirrin da kaya suka zo da ita, kuma idan mai haya ya tashi, ko ma'aikaci ya bar aiki, a cire wayarsa daga tsarin.

[Ɗan kiɗa]

Yanzu mu zo gida. Abu na farko, kada wani ya ji wannan shiri ya aika a sayo masa Nest ko ecobee daga Amurka don ya haɗa da na'urar sanyaya ɗakinsa, wato esi. Waɗancan an yi su ne don tsarin da ke aiki da siraran wayoyi masu ƙarfin bolt 24. Wutarmu bolt 230 ce, idan aka jona kai tsaye ƙonewa zai yi nan take. Esin da ke yawancin gidajenmu da ofisoshinmu kuwa, mai kai a ciki da inji a waje, ba shi da ma inda za a jona irin waɗancan wayoyi. Tamostat ɗinsa yana cikin cikinsa, da rimot ake yi masa magana. Haka ma kayan Z-Wave, zangon da na Amurka ke amfani da shi daban yake da na Turai, ba sa jin juna.

Abin da ya dace da mu shi ne 'yar na'urar da ke kwaikwayon rimot. Akwai na Sensibo, da tado, da Broadlink, da tarin masu arha da ke aiki da manhajar Tuya. Ana ajiye ta inda take ganin esin, ta koyi saƙonnin rimot ɗinka, daga nan ta riƙa aika su bisa umarnin waya ko jadawali. Masu kyau a cikinsu suna da ma'aunin zafi da laima. Sai dai a san rauninta: magana take yi, ba ta jin amsa. Idan yaro ya ɗauki rimot ya kashe, ko wani abu ya tare tsakani, wayarka na iya nuna maka esi na aiki alhali yana kashe. Wasu sababbin esi suna zuwa da Wi-Fi a jikinsu, waɗannan su suna ba da amsa.

Abu na biyu, wuta. Duk wanda ya ƙera waɗannan kaya ya ɗauka wuta da intanet ba sa yankewa. A wurinmu dole rautar intanet da uwar na'ura su kasance a kan batir ko inbata, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta sai tsarin ya rikice. Amma a nan ɗin ne haɗa kaya yake da amfanin da ya fi na Turai. Mai sola zai iya kafa ƙa'ida: idan batir ya haura kashi 80 kuma rana na bugawa, a kunna esi a sanyaya ɗaki da wutar da dama za ta tafi a banza, idan ya sauka ƙasa da rabi, a kashe esi a bar fanka. Idan aka koma kan janareta, esi ɗaya kawai ya tashi. Idan aka dawo da wuta, a jira minti uku zuwa biyar kafin kwamfiresa ya tashi, kuma kada su tashi gaba ɗaya, domin esin da ba inbata ba yana jan wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi. Kada kuma a yi amfani da ƙaramin soket mai Wi-Fi ana yanke wa esi wuta kai tsaye, sai wanda aka yi don ɗaukar nauyin.

Bari mu ɗan yi lissafi. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashin wuta ga masu amfani da ita na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya da ɗan ɗoriya a sa'a idan kwamfiresa bai huta ba, wato wajen naira 250 a wancan farashi. Ofishin da aka tashi aka manta shi a kunne tun magariba har safiya ya ƙona kusan naira 3,000 a dare ɗaya, yana sanyaya kujeru. Ku ninka da ɗakunan otal, ko ofisoshin ma'aikata guda. A irin waɗannan wurare na'urar jin motsi da ta jin buɗewar ƙofa za su mayar da kuɗinsu da wuri. Haka mai kantin magani da ke ajiye alluran da ke buƙatar digiri 2 zuwa 8, ko mai ƙyanƙyasar kaji da ke son zafi ya tsaya wajen digiri 37 da rabi: abin da ya fi musu amfani shi ne saƙon gargaɗi ya shigo waya da tsakar dare tun kaya ba su lalace ba.

Sai ɗabi'armu ta danna rimot zuwa 16. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi ya haura 40, mutum ya shigo yana gumi, ba wanda zai ga laifinsa. Amma 16 ba ta sa ɗaki saurin yin sanyi. Muddin ɗaki na da zafi, injin iyakar ƙarfinsa yake yi, ko ka sa 16 ko ka sa 24. Lambar tana gaya masa inda zai tsaya ne kawai, kuma a irin zafinmu sau da yawa ba zai taɓa kai wa 16 ba, sai ya kwana yana gudu. Ƙasar Indiya, wadda zafinta ya yi kama da namu, ta wajabta tun 1 ga Janairun 2020 cewa sababbin esi su fito daga masana'anta a saite a kan 24, hukumarsu ta tsimin makamashi kuma ta ƙiyasta kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wuta. A sa 25 a kunna fanka, jiki zai ji daɗi. A wanke ragar tace ƙura, musamman bayan hunturu. A toshe ƙasan ƙofa, a sa silin a ƙarƙashin kwano. Waɗannan ba su buƙatar intanet, kuma ɗakin da ke zubar da sanyi ba na'urar da za ta cece shi.

Wanda ya yi niyyar saye, ya tambayi mai kaya ya nuna masa a gabansa: a cire intanet, a ga ko jadawali zai ci gaba da aiki, a ga ko hannu da rimot suna nan da ikonsu. A kashe wuta a dawo da ita, a ga ko na'urar za ta koma kan Wi-Fi da kanta, a kuma tuna yawancin masu arha zangon Wi-Fi na 2.4 kaɗai suke kamawa. A duba ko akwai tambarin Matter ko Zigbee a kwalin, domin ko kamfanin ya rufe gobe, wata uwar na'ura za ta iya karɓar ta. A tambaya kuma ko akwai kuɗin wata da za a riƙa biya bayan an saya.

Jama'a, agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Taken rufewa]